Yadda Ɓeraye Za Su Tsare Ka Daga Sake Aure

Idan matarka ta rasu, dangi za su bar ka ka yi kuka na ɗan lokaci, sannan su fara gwada maka zawarawa kamar takalma. Ga hanyar tsira. Na jarraba ta shekara da shekaru a kan yayata, wadda ba ta taɓa ƙulla aure ya kwance ba, kuma ina ba ka tabbacin tana aiki.

1. Nemi aikin da ba a iya faɗa a gaban surukai

Ni nazarin furotin nake yi a cikin ƙwan ɓera. I, ɓera ma tana da ƙwai, a cikinta yake, ƙanƙane, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Faɗi haka a fili duk inda aka gabatar da kai. Rabin iyayen mata za su tuna sun bar tukunya a kan wuta.

2. Mai da ɓera mai tsara maka mako

Kafin a ɗebi ƙwan, sai an yi wa ɓerar allura, kuma ƙwai ba ya jiran kowa. Lissafa allurarka ta yadda zai nuna ranar Asabar, ranar da Yaya ke kawo baƙi.

"Kai yanzu ɓeran nan ba ya hutun ƙarshen mako?" in ji ta.

"Ilimi ne, Yaya."

Kalmar nan tana rufe bakin mutane fiye da rantsuwa.

3. Kada ka wanke farar rigar aiki

Warin ɗakin ɓeraye gata ne. Shiga falo da shi.

4. Yi bayani a kan abinci

Jira sai an zuba miya, ka fara bayanin yadda ake tsaga bututun ƙwai da bakin allura. Kada ka yi sauri. Na karanta littattafai masu yawa a kan soyayya, babu ɗaya da ya ce tana jure wannan.

5. Kada ka bari a biyo ka wurin aiki

Wannan shi ne ginshiƙi. Asabar ɗin da ta wuce Yaya ta gaji da uzuri, ta ɗauko wata bazawara mai tabarau, wadda ita ma mijinta ya rasu, ta kawo ta har ɗakin gwaji.

"Tunda dutsen nan ba ya motsi, ga mu," in ji Yaya, ta toshe hanci ta koma bakin ƙofa.

Mai tabarau ba ta toshe komai ba. Ta cire tabarau, ta sa ido a madubi.

"Malam, waɗannan 'yan ɗigon fa?"

A nan ne za ka yi shiru. Ni na buɗe baki. Na ce mata uwa tana cika ƙwai da furotin, guzuri ke nan, da shi ɗan tayi ke rayuwa a farkon tafiya. Idan ya rabu gida biyu, dole ya fara narkar da kayan uwar, ya shiga ƙera nasa.

"Wanda ya ƙi rabuwa da guzurin fa?"

"Nan yake tsayawa. Ba ya gaba."

"Allah sarki."

Ta mai da tabarau, ta dubi wuyan rigar da ke ƙarƙashin farar, wadda marigayiya ta ɗinka mini, wadda zarenta ya fara fita.

"Nawa guzurin agogon marigayi ne," ta ce. "Ya tsaya tun bara, ina nan ina ɗaura shi."

Yaya, daga bakin ƙofa, tana murmushin wanda ya ci kasuwa.

6. Idan aka ce za a dawo, ka ce akwai allura

Faɗi da ƙarfi, ba tare da kallon kowa ba.

A kula

Marubucin ba shi da alhakin abin da zai same ka, ko ɓerayenka, ko yayarka. Tabbacin da aka bayar a sama bai shafi mata masu yin tambaya ba. Wanda ke da ƙorafi kada ya zo ranar Asabar. Na ɗage allurar zuwa Litinin, saboda dalilai na ilimi, kuma tela ya ce sabuwar rigar za ta fito Juma'a.