Man Amarya a Bakin Iyakar Jibiya

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu bikin Rakiya ba, ko da dangin mijina za su yi mini alfarmar mantawa (ba kuwa za su yi ba, na san halina na san nasu).

Rakiya ƙanwar maigidana ce, a Maraɗi take zaune wajen danginsu, can za a ɗaura mata aure. A lokacin na koyi haɗa man shafawa a waya, kaina ya kumbura. Ana rabon aikin biki, wannan ta ɗauki cincin, waccan ta ɗauki dubulan, sai na buɗe baki na ce a bar mini fatar amarya. Har na ce kada ta kuskura ta sayi man kanti, nawa na nan tafe. Surukata Inna ta dube ni sheƙeƙe. Tun da na shigo gidan sunana 'yar boko mai gudajin tuwo, kuma wallahi na gaji da sunan. Man nan nake so ya wanke ni.

To, mai da ruwa ba sa ga maciji. In kana so su zauna wuri ɗaya, sai ka ɗumama man kaɗanya daban, ruwa daban, ka sa wani farin kaki da ke riƙe su, ka buga da inji har su yi fari kamar kindirmo. Da na duba, kakina rabin abin da ake so ya rage. Samun wani sai na je Katsina, ga wanki, ga yara, ga bayana na ciwo. Na ce Allah na nan, na zuba rabin da ke akwai. Wuta ma babu, don haka na wanke maburgin miya na hau burgawa har kafaɗata ta sage. Ya yi fari, ya yi kauri, ya ɗauki ƙamshi. Na ɗauki hoto na tura wa amarya (da wannan hoton ake tsokanata har yau).

Ranar tafiya muka fito cikin ankonmu, sabuwar atamfa sai ƙamshin guga. Direba ya ce mota ta cika, ya ɗaure bokitin man nawa a sama tare da buhuna. Bazara ce. Muka iso bakin iyaka da hantsi muka tarar da layi, manyan motoci a gaba, mu a baya, babu inuwa ko ta allura. Muka yi zugum muna fifita da gefen mayafi. Ni duk tunanina ƙafata da ta kumbura, ko sau ɗaya ban tuna akwai abin da rana ke dafawa a bisa kaina ba.

Sai wajen azahar layi ya zo kanmu. Jami'in da ke duba kaya, wani dattijo da shi ma gajiya ta gama da shi, ya sa aka sauko da bokitin ya buɗe. Na leƙa. Mai rawaya yana yawo a sama, ruwa tsululu a ƙasa, a tsakiya wasu gudaji kamar awarar da ta ƙi kamawa.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Man shafawa ne, Yallaɓai."

Ya sake leƙawa. "Na mutum?"

Na ce na mutum ne. Ya ce, "In abinci ne ki faɗa, in magani ne ki faɗa. Ni dai ban ga man shafawa a nan ba."

Da mai hankali ce sai ta ce ya lalace, a zubar, a wuce. Amma Inna na kallo ta tagar mota. Sai na tuna maganin yara na kwalba, wanda yake kwantawa, a girgiza ya koma daidai. Na gyara murya na ce, "Haka yake yi, Yallaɓai, girgiza kawai yake so." Na mayar da murfi na ɗan danna da tafin hannu, na ɗaga bokitin zuwa ƙirji, na jijjiga da duk ƙarfin da ya rage mini.

Innalillahi. Murfin ya yi nasa wuri. Mai mai ɗumi ya wanke ni tun daga ɗankwali har bakin zani, gudajin suka manne mini a gira, sauran ya sauka kan takalmin bawan Allah. 'Yan acaɓa da ke gefe suka fashe, wani har da riƙe ciki. Jami'in ya dubi takalminsa, ya dube ni ina ƙyalli kamar ƙosan da aka tsamo yanzu, ya ce a sanyaye, "Ku wuce, Hajiya. Na yarda mai ne."

Direba ya shimfiɗa mini buhu a kujera, kowa ya tattare zaninsa. Dariya ma da 'yan motar sun yi mini da na fi samun sauƙi. Mun kusa garin Ɗan Isa Inna ta yi magana, ba tare da ta juyo ba: "Ɗiyar nan, mi za mu ce ma Rakiya? Ta hana a sayo mata wani, naki take jira." Nan ne hawaye ya zo mini.

Amarya dai da tsuran man kaɗanya aka gyara ta, ta kuma yi kyau abinta. Ni na yi biki da zanen aro, aka yi hoton 'yan anko ina bayan ɗaki ina cuɗa atamfa da toka.

Abin da na koya, 'yar uwa, aikin da kika yi wa ha'inci a gida ba ya gyaruwa a gaban jama'a. In kuma taurin kai ya ce sai kin girgiza, don Allah ki sa tsohon zani.