Rasuwar Ƙamus Ɗina a Bakin Kaskon Gwaggo Hinda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban iya faɗa a gaban manya, ni Safa ta gidan Malam Gajere a Yekuwa, ɗalibar lise, wato babbar sakandare, a Magarya, nake sanar da ƴan'uwa da abokan karatu rasuwar ƙamus ɗina na Ingilishi da Faransanci. Ya rasu ranar kasuwa, bayan gajeruwar jinya a hannun dangi.

Marigayin ya zo hannuna ne daga Mushe Sambo, malaminmu na Ingilishi, bayan na faɗi Bak, jarabawar gama lise, bara saboda darasinsa. Marigayin mai haƙuri ne. Kalma ɗaya sai in tambaye shi ita yau, in koma gobe, bai taɓa yi mini dariya ba kamar ƴan ajinmu. Zai ba ni ma'ana, ya ba ni misali, ni kuma in je bayan ɗaki in gwada ta a kan akuyarmu, tunda gaban mutane bakina ba ya buɗuwa. Shi ya nuna mini cewa kalmar satar kallo daban, ta zuba ido daban, ta harara daban. Duk na yi amfani da su a gidanmu, a zuci. Ba ya magana sai "fat, fat" in ana buɗa shi, sai "tim" in gyangyaɗi ya kwashe ni ya faɗi.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da na zo hutu, Inna ta ja ni biki garin Dogo-Dogo. Yayana Rabilu, wanda ya yi rani ɗaya a Kano ya dawo yana gaishe da jakuna da Ingilishi, ya ɗauke shi ba tambaya. Ya riƙa yawo da shi a hammata zuwa fadar shayinsu don a ce yana karatu. Shaidu sun tabbatar bai buɗe shi ba ko sau ɗaya. Butar shayi dai ya ɗora masa, har bayan marigayin ya karye. Sai ya yar da shi a zaure.

Nan Gwaggo Hinda ta same shi, takardar ƙunsa ƙosai ta ƙare mata. Kuma kada a ce ba ta da tsoron Allah: sai da ta kai wa Kaka ta duba. Kaka, wadda ko guntun takarda mai rubutun Arabiyya ta gani a ƙasa sai ta ɗauka ta soke a bango, ta juya marigayin a kife, ta ce babu sunan Allah a ciki, boko ne zalla, a ƙunsa. Akwai sunan Allah a ciki. Na san shafin. Ba wanda ya jira in dawo.

Na samu labari ne da Gwaggo ta aiko mini ƙosai na sannu da zuwa, cikin shafin da na tsaya. An ce in yi godiya. Na yi.

Marigayin ya bar bango ɗaya, da haruffa daga S zuwa Z, da ni. Ya bar kuma jarabawar da ke tafe, wadda Baba ya ce ita ce ta ƙarshe: in na sake faɗi, ba sauran zaman Magarya, in dawo in taya Gwaggo suya. Rabilu ya yi alkawarin koya mini da ka. Allah ya kiyaye.

Ba za a yi jana'iza ba sai an haɗa gawa. Don haka duk wanda ya sayi ƙosai ranar kasuwar nan, daga Yekuwa har ƙauyuka, ya duba aljihunsa da ƙarƙashin amalankensa. Man ƙosai ba ya hana karatu, in an ɗaga shafin a rana ana gani. Za a karɓi gaisuwa a bayan ɗakin Inna bayan la'asar, shafi a hannu. Wanda ya zo hannu wofi, ya wuce zaure, Rabilu na can zai yi masa bayani da Ingilishi.