Kartar da Ta Tuɓe Mani Hula

Garba direba ne ya kawo wa majalisarmu sabuwar karta daga Maraɗi: biyu ka ɓoye a hannu, biyar a tsakiya na kowa, ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sirrinta, kada a gane abin da ka riƙe. Wanda anka cinye kuwa zai ratsa kasuwar Isa ba hula. Ni da sanƙona ko wanzami sai ya rantse yake ganinsa!

Na ce, "Yaran ga, yau za ni koya muku ɗaure fuska."

Fuska kam ta ɗauru tamau, bakina ne bai ji ba. In anka buɗe wadda ta dace da tawa, sai in ce "Alhamdu lillahi," kowa ya janye. In ta saɓa, in ce "Kash!" su taso mani.

Garba ya ce, "Kawu, to mi ka ɓoye?"

Haka na ratsa kasuwa, kaina na walƙiya. Har yau ko atishawa na yi na gode wa Allah, sai majalisa ta ɗauka: "Ku janye, Kawu ya dace!"