Ranar da na rina 'yan tsakin Ladi

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ni kuma na yi wa matata Ladi juyin mulki a akurkin kajinta, a Kakuri. Shirwa ta addabe mu, mata kuwa kan ɗiga wa 'yan tsaki launi don ta kasa gane su. Ni da nake aikin rini a masaƙa, sai na ga wasan yara suke yi.

"Baban Dauda, a baya kaɗai ake ɗigawa," in ji Ladi.

Na ce, "Bar wa masu sana'a."

Na fasa musu kafso a ruwan sha saboda mura, sannan na tsoma su cikin rini, daga baki har ƙafa. Suka bushe jajawur, gwanin sha'awa.

Gaskiya shirwa ba ta gane su ba. Uwarsu ma haka. Ta kalle su da ido ɗaya, ta kai wa na gaba sara, ta yi tafiyarta, ta bar kajin Kirsimetinmu suna kuka.

Dole na koma renonsu a kwali. Da suka yi ƙwari, duk inda na sa ƙafa suna biye, har bakin titi ranar Lahadi, ina sanye da kwat.

Maƙwabciyarmu Mama Nkechi ta leƙo. "Oga, sannu da jego!"

An daɗe da cinye kajin. Amma har yau in na shigo layinmu sai an ce, "Ya yara?" Kuma ba su Dauda ake nufi ba.