Ƙwan Zabin da Baƙuwa Ta Ƙi Karɓa

"Sannu da hutawa, amarya. Wannan ɗaure fuska fa, ko goro ne ya yanke?"

Abdulhadi ke nan, tsugune gaban kakarsa Kulu a gidansu na Ɗansoshiya. Shekara biyu ya yi a Kano yana koyon yaren Caina, yanzu shi ne tafintan Madam Lin, 'yar Cainar da ke koya wa manoma dabarun noman rani. Yau ya gayyato ta cin tuwo, tsohuwa kuwa ta ce ba ta ɗora tukunya. Hankalinsa a tashe yake, amma ya san sai da tsiya ake shawo kanta.

"Tafi can, mijin banza mai ƙafa kamar sillen kara!" in ji Kulu. "Uwar ɗakin taka ta wulaƙanta ni. Jiya na taka har bakin gona da ƙwan zabi, na miƙa mata, ta girgiza kai. Na sake miƙawa, ta turo min ƙwaryata. A gaban su Dije maƙwabciyata!"

"Sau nawa kika miƙa?"

"Biyu! So kake in durƙusa mata?"

"To ai ke kika gudu, 'yar ƙauye. Na tambaye ta da yarensu. Ta ce a gidansu wanda ya cafe kyauta tashin farko makwaɗaici ne. Sai an ƙi, mai bayarwa ya nace. A na uku za ta karɓa, kika juya kina ƙunƙuni."

"Ƙarya! Yaren ma da kake yi kamar ka guntsi dankali mai zafi, wa ya ce tana gane ka?"

"Wallahi, Inna. Da na gaya mata a nan mayar da hannun kyauta zagi ne, sai da ta dafe kai, idonta ya ciko."

Kulu ta saki fuska. Tausayi ya kama ta, ga kunya.

"Kai, Abdulhadi! Ashe fulako yarinyar nan take min?"

"Ta fi ki kara, ke da ko ragowar shayina ba kya ɗaga wa ƙafa."

"Ungo naka!" Ta yi masa daƙuwa, ta fashe da dariya. "Miƙo min tukunya. Ka gaya mata da yaren naku, yau ko sau goma za ta ƙi, a bakin ƙofa zan tsaya, ba ta fita gidan nan sai da ƙwaina. Kai kuma ga guda ɗaya da ya tsage, ladan tafinta."