Turbo Mai Ƙishirwa

"Ni fa in mota ta wuce, ba sai na ɗaga kai ba. Daga tarinta nake sanin ciwonta."

Mai aski ne ke wannan magana, reza a hannu, kan mutum a gabansa. Ka kuwa san wanda reza ke yawo kusa da maƙogwaronsa ba ya musu. Duk abin da ya faɗa sai a ce "haka ne," shi kuma ya ɗauka ilimi ne.

Shagonsa bango ɗaya ne da gareji. Tun yana saurayi yake jin hayaniyar makanikai ta bayan bangon, har bakinsa ya cika da turbo da injekta da fistin. Ko noti ɗaya bai taɓa kwancewa ba. 'Yan layin suka sa masa Injiniya don tsiya, gogan ya karɓa hannu bibbiyu.

Ana nan sai mai garejin ya saye ginin, ya ce a kwashe madubi da kujera kafin wata ya mutu. Injiniya ya duba gabas da yamma, babu wurin zuwa sai ɗaya. Surukinsa yana da shago a ƙofar gida, mai faɗi, mai ƙofofin ƙarfe biyu, babu kowa a ciki sai gizo-gizo. Tsohon kuwa ba ya son surutu, kuma tun da ya ba shi 'yarsa yake yi masa kallon kuskuren da ba ya gyaruwa.

A hanya matarsa ta ja masa kunne.

"Ka gaishe shi, ka roƙi shagon, ka yi shiru."

"Ni za ki koya wa magana?"

"Rashinta nake koya maka."

Suka iske tsohon a ƙofar gida, zaune a kan kujera, ya tasa motarsa a gaba, bonet a buɗe. Tsohuwar mota ce mai shan dizal, da ita ya bar aiki. Da hannunsa yake wanke ta, jikokinsa ko jingina ba sa yi da ita.

Aka gaisa. Injiniya ya buɗe baki zai yi maganar shago, idonsa ya faɗa kan inji. Shi ke nan.

"Baba, me ya same ta?"

"Ba ta da ƙarfi," in ji tsohon. "In na hau gada sai nishi, baƙin hayaƙi a baya, ga wani fito kamar na ɗan kiwo. Jiya mai keke ya wuce ni, har yana yi mini sannu. Makanike zai zo gobe. Ya ce ƙila tiyon turbo ne ya tsage, iska take zurarewa."

Injiniya ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Tiyo? Baba, tiyo ai na ban ruwan lambu ne. Waɗannan mutanen na san su ciki da waje, a gabana suka koyi aikin. Bari in duba maka."

Matar ta taka masa ƙafa. Bai ji ba. Lissafi yake yi: in motar nan ta tashi a hannunsa, ba ma sai ya roƙa ba, tsohon da kansa zai miƙo makullin shago.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Kunyar 'yarsa ta hana shi cewa a'a.

"Duba da ido," ya ce. Ya miƙe ya shiga gida shan maganinsa.

Injiniya ya naɗe hannun riga, ya tayar da mota. Telan da ke maƙwabtaka ya bar kekensa ya matso, don kallo ba ya son kaɗaici.

"Ka ga wannan mai kama da dodon koɗi? Ita ce turbo," in ji Injiniya. "Fanka ce. Hayaƙi ke juya ta, ita kuma ta ɗura wa inji iska. In iska ta yi kaɗan, ƙarfi ya tafi."

Wannan gaskiya ne, ta bayan bango ya ji. Daga nan ne bangon ya fara yin kauri.

Ya ɗauki sukundireba, ya kafa tsininta a jikin inji, ya ɗora kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar likita. Ya ce sai ya ji da kyau, ya ƙara sunkuyawa, kumatunsa ya taɓa ƙarfe mai zafi. Ya miƙe zumbur.

"Me ka ji?" in ji tela.

"Zazzaɓi."

"Naka ko nata?"

Bai kula shi ba. Ya ga wata waya da ta shiga kusa da turbo, ya ce ita ce munafukar da ke kai rahoton ƙarya, ya fizge ta. Nan take wata fitila mai ruwan lemo ta kama a gaban sitiyari.

"Maigida, wannan ba ta nan ɗazu," in ji matar.

"Na sani."

Ya laluba aljihu ya ciro filasta, irin wadda yake manna wa mutane in reza ta zame. Ya manna a kan fitilar.

"Yanzu tana nan?"

Matar ta dubi ƙofar gida, ta dubi sama.

Sai ya buɗe akwatin matatar iska, ya zaro matatar, ya jefar gefe. Wai mura ce, hanci a toshe, ta ina ƙarfi zai zo? Ya taka totur. Fiton ya ƙaru.

"Ta ƙara kuka fa," in ji tela.

"Ba kuka ba ne, bayani take yi. Kai da keken ɗinki, in ya fara ƙara me kake yi masa?"

"In ɗiga masa mai."

"To ka ga. Ni ma haka nake yi wa injin aski. Ƙarfe duk ƙarfe ne. Ƙishirwa ke damunta."

Ya buɗe but, ya ɗauko galan ɗin baƙin man da tsohon ke ajiyewa. Matar ta riƙe masa riga.

"Baba ya ce da ido."

"Ina kallo ai."

Ya kafa bakin galan a bututun da ya cire wa matatar iska, ya tuttula. Ba ɗigo ba, kamar mai shayar da raƙumi. Sannan ya zagaya ya taka totur har ƙasa.

Ga abin da bangon bai gaya masa ba. Injin dizal ba ya tambayar sunan mai. In baƙin mai ya biyo masa ta hanyar iska, sha zai yi, kuma daga nan ba ya neman izinin kowa.

Mota ta yi gurnani. Gurnani ya koma ihu. Injiniya ya ɗaga ƙafa daga totur, ihun ya ƙaru. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ya rufe shagon tela, ya rufe layin. Kaji suka watse.

"Kashe ta," in ji matar.

Ya murɗa makulli, ya zare, ya fito da shi a hannu. Mota tana ta ihu. Ya dubi makullin, ya dubi motar, ya sake duban makullin.

Tsohon ya fito da kofi a hannu, matarsa a bayansa.

"Kashe ta."

"Na kashe, Baba. Ga makullin."

"To gaya mata."

Injiniya ya ruga ya fizge wayar batir. Ko a jikinta. Motar tana rawa a kan tayoyinta, gilasai na kaɗawa, mutanen layi sun tsaya daga nesa, kowa da hannu a hanci. Can wata magana ta bayan bango ta faɗo masa: in dizal ya haukace, a toshe masa numfashi.

Ya cire hula ya danna a bututun. Da matatar iska tana nan, da hular ta tsaya. Turbo ta zuƙe ta, ta yi wani ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa, ta ci gaba.

Ya tuɓe riga ya cusa. Ihun ya shaƙe kaɗan, amma iska na shiga ta gefe.

"Ƙara," in ji tela daga bayan bishiya. "Saura kaɗan."

Injiniya ya waiga. Ba tsumma, ba buhu, matarsa ta ƙanƙame mayafinta ta ja da baya. Ya dubi surukarsa, ya dubi ƙasa, ya kwance wando.

Yana cusa shi, wani abu ya buga a cikin inji, dam, kamar an yar da turmi. Sai shiru.

Hayaƙi ya washe a hankali. Ga Injiniya tsaye a tsakiyar layi, daga shi sai gajeren wando mai zanen furanni da takalmi sau-ciki, fuska baƙa ƙirin, kumatu ya tashi. Surukarsa ta juya ta koma ciki. Baƙin mai ya gangaro daga ƙarƙashin motar ya zagaye takalminsa.

Ka ɗauka zai yi shiru? Ya gyara murya.

"Baba, ka dai ji da kunnenka. Ka ce ba ta da ƙarfi."

Tsohon ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashi. Akwai rami a jikin injin da yaro zai sa hannu, wani ƙarfe ya leƙo ta ciki. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin shagon.

"'Yata ta ce shago kake nema."

Zuciyar Injiniya ta yi fari. Ya kalli matarsa da wutsiyar ido, ya miƙa hannu biyu.

"Haka ne, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Buɗe shi."

Ya buɗe, har da guntun murmushi. Ya fara auna inda madubi zai zauna.

"Duka ƙofofin," in ji tsohon. "Na samu wadda za ta zauna a ciki. Ba ta da sana'a, amma ta daina surutu. Zagaya ka turo ta."