Nutso a Ruwa Iya Ƙirji

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi ihun neman ceto a bainar jama'a ba. Ko na so in manta ma, 'yata Ummi tana da bidiyon a wayarta.

Ina da shekara arba'in da bakwai likita ya duba ni ya ce tumbina ne ke wahalar da bayana, dole in rage shi. Gudu ba zai yiwu ba saboda gwiwa, sai ya ce in gwada iyo. Haka na shiga wata ƙungiyar magidanta da ke atisaye a wani wurin ninƙaya a hanyar Mando, ƙarƙashin Koci Garba, tsohon sojan sama mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Shi ya raɗa mini suna "Oga Darakta" (mataimakin darakta ne ni a ma'aikatarmu, amma ban taɓa gyara masa ba).

Bayan shekara biyu na zama wanda ya fi kowa sauri a cikinmu, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. Sai aka shirya gasar manya, 'yan shekara arba'in zuwa sama. A ciki akwai tseren mutum huɗu-huɗu: kowa ya je ƙarshen ruwan ya dawo, da ya taɓa bango na bayansa ya faɗa. Koci ya sa ni na ƙarshe, wanda ake ba amanar ƙarasawa.

Na uku, wanda zai miƙa mini, shi ne Baba Mamman, tela a Unguwar Shanu, ɗan shekara sittin da uku. A kogin Kaduna ya koyi iyo tun yana yaro. Kafaɗarsa ta dama ta daɗe tana damunsa, an ma sa ranar yi masa aiki, kuma likita ya gaya masa bayan aikin ya yi sallama da iyo. Shi ya roƙa aka ɗaga ranar har sai an yi gasar. Ya taɓa ce mini, muna goge jiki, "Ƙanena, ni tunda nake ban taɓa cin gasar komai ba. Ko lambar yabo ta uku ce in samu in rataya a shago."

Saura mako biyu Koci ya tara mu a bakin ruwa.

"Daga yau za mu sassauta," in ji shi. "Wannan makon rabin abin da muka saba. Mako mai zuwa rabin rabin. Ɗan gajeren tsere da sauri, sai hutu. Ku yi barci, ku ci abinci. Wahalar wata uku da kuka sha tana nan a jikinku, amma ba za ta yi muku rana ba sai gajiya ta sauka."

Na ɗaga hannu kamar a taron ofis. "Koci, ka taɓa ganin ɗalibin da ya rage karatu ana saura mako biyu jarrabawa?"

"Oga Darakta, jiki ba fayil ba ne da za ka danne shi sai ka gama. Ka yi abin da na ce."

Na ce to. A zuciyata kuwa na yanke hukunci cewa Koci ya tsufa, tausayin dattawa ne ya kama shi.

Kwana uku na yi biyayya. A na huɗu jikina ya fara yi mini wani iri, sai na ji kamar ƙarfina yana tsiyaya, kamar tumbin yana dawowa ina kallo. (Daga baya na ji cewa kowa yana jin haka idan aka sassauta, alama ce ta jiki yana farfaɗowa. Da na tambaya da an gaya mini. Amma ta yaya Oga Darakta zai yi tambaya?)

Akwai wani otal kusa da gidanmu a Unguwar Dosa mai wurin iyo. Na fara zuwa bayan sallar asuba, in yi awa guda cur. Da yamma in je wajen Koci in yi ɗan abin da ya ce, ina murmushi a ciki. Sai na ƙara da lokacin hutun rana, in sulale daga ofis in koma. Mai kula da ruwan otal ɗin, wani bawan Allah mai fara'a da ake kira Malam Iro, har ya fara ajiye mini tawul.

Matata ta lura. "Abban Ummi, ba cewa ka yi an ce ku huta ba? Jiya a kan sallaya ka yi barci."

"Ke ba ki san harkar wasanni ba," na ce mata.

Ban tsaya nan ba. Na gayyaci mutanen ofis. Na gayyaci surukina. Na ce wa Ummi ta cika wayarta da caji. Har ranar Juma'a, jajibirin gasa, da Koci ya ce kada kowa ya taɓa ruwa sai na alwala da na wanka, sai da na je na yi zuwa da dawowa arba'in, wai don in tabbatar.

Ranar Asabar na tashi kamar an ɗaura mini buhun siminti a kowace kafaɗa. Na ce tsoro ne, zai wuce.

Aka busa usur. Mutum biyunmu na farko suka riƙe mu a na uku cikin ƙungiya shida. Sai Baba Mamman ya faɗa. Wallahi ban taɓa ganinsa haka ba. Mutumin da ya yi mako biyu yana hutawa kamar yadda aka ce, yana yanka ruwa sai ka ce ɗan shekara talatin. Ya wuce ɗaya a zuwa, ya kamo ɗayan a dawowa. Da ya taɓa bango mu ne a gaba, da tazarar tsawon mutum biyu. Ya ɗago kai yana haki ya ce, "Bismillah, ƙanena!"

Na faɗa. Bugu goma na farko lafiya. Daga nan hannuwana suka fara gardama: in aika su gaba, su je a makare. Na ga inuwar mutum ta wuce ni ta dama, wata ta hagu. Na lallaɓa na kai ɗaya ƙarshen, na juya, na tokari bango da duk abin da ya rage mini. Nan take jijiyar ƙwaurina ta murɗe, ƙafar ta ƙage kamar itace. Na buɗe baki in yi salati, ruwa ya shiga. Na ga duhu. Na cafki igiyar da ta raba layuka, na ɗago kai na kurma ihu:

"Ku taimake ni! Zan mutu! Ku cece ni!"

Mai ceto ya taso a guje. Sai muryar Koci ta ratso daga can ɗaya gefen:

"Oga Darakta! Miƙe tsaye! Nan ba zurfi!"

Na sauke lafiyayyar ƙafata. Ta taɓa ƙasa. Na miƙe. Ruwan iya ƙirjina ne.

Ban san wa ya fara dariya ba, amma na gane muryar masinjan ofishinmu a ciki. Sauran ƙungiyoyi duk suka gama ina nan tsaye, riƙe da igiya, ruwa na zuba ta hancina. Da ɗingishi na fito ta tsani. Aka soke sakamakon ƙungiyarmu gaba ɗaya.

Ina zaune ana murza mini ƙafa, Koci na tsaye a kaina yana cewa shi bai gane ba, mutum ya huta mako biyu ya yi haka? Sai ga Malam Iro na otal, ashe ya zo kallo, ya kutso da fara'arsa.

"Kai, Alhaji, sannu! Duk ƙoƙarin nan, safe da rana kullum, har jiya ma! Allah bai nufa ba ne kawai."

Koci ya dube shi, ya dube ni. Ya cire usur daga wuyansa ya sa a aljihu ya wuce.

Dariyar ofis ta yi wata guda ta mutu. Abin da bai mutu ba shi ne abin da na jawo wa Baba Mamman. Ranar bai ce mini komai ba sai "Sannu, ya ƙafar?" Bayan kwana goma aka yi masa aiki. Na je duba shi a gida, hannunsa rataye a wuya, na zauna a ƙasa na gaya masa gaskiya duka.

"Ai Koci ya faɗa mini," ya ce. "Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Kwana biyu ban so a ambaci sunanka ba. Amma na taɓa bango kafin kowa, kuma jikokina sun gani. Ka bar shi haka."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Shekarar da ta biyo muka zo na biyu, da wani a gurbinsa. Yana zaune a cikin 'yan kallo yana tafa mana da hannu ɗaya a kan cinya. Na kai masa lambar yabon da na samu har shago, ya juya ta ya duba, ya mayar mini. "Taka ce," ya ce. "Ni ban jiƙe ba."

Tun daga nan na gane cewa ƙwazon da na yi ta taƙama da shi rabinsa tsoro ne, rabinsa taurin kai, kuma wani ne ya biya. Yanzu idan wanda ya fi ni sani ya ce in huta, hutawa nake yi tsakani da Allah, har sai matata ta zo ta duba ko ina numfashi.